A San Sunan Cuta Kafin A Sayi Kwalba

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai jarraba bayinSa da cuta, Mai yaye ta a lokacin da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, akwai wani ciniki da ya bunƙasa a garuruwan Arewa, bai bar ƙasar Zuru ba, daga Kanya har Ribah da Wasagu, wanda ya zama wajibi mu yi magana a kansa. Shi ne cinikin kwalabe da ƙwayoyin da ake cewa suna gyara jijiya. Mutum ƙafarsa ta fara nauyi, ko hannunsa ya riƙa mutuwa, ko idonsa ɗaya ya dushe cikin kwana biyu, kafin ya ga likita an riga an ɗora masa kaya. Wani mai maganin yana bayan mota da lasifika ranar kasuwa, wani yana shagon da ya raɗa wa suna kemis na Musulunci, wani kuwa ɗan boko ne mai tallan ƙwayoyin ƙarin sinadarai na ƙasashen waje ta wayar hannu. A cikin jerin cututtukan da waɗannan na ƙarshe ke cewa abinci da ƙwayoyinsu na warkarwa, har da wadda likitoci ke kira maltiful siklerosis, a taƙaice MS. Mun zaɓe ta ne domin babu cutar da ta fi ta bayyana yadda ake yaudarar majinyaci.

Mece ce ita wannan cuta? Jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa gaɓoɓi suna da riga mai maiƙo, kamar robar da ke lulluɓe da wayar lantarki. A cutar MS, garkuwar jiki ce da kanta take juyowa tana zaizaye wannan riga, sai saƙo ya yi jinkiri ko ya yanke. Daga nan sai rauni, da layi wajen tafiya, da dushewar gani, da gajiya mai tsanani, da kasa riƙe fitsari. Wani likitan Faransa, Charcot, shi ya siffanta ta a 1868. Ƙididdigar shekarar 2020 ta nuna masu ita a duniya sun kai miliyan 2.8, mata sun ninka maza, kuma galibi tana farawa tsakanin shekara 20 da 40. A 2022 masana na Jami'ar Harvard suka fitar da binciken da suka yi a kan sojojin Amurka fiye da miliyan 10, suka gano cewa kamuwa da ƙwayar cutar Epstein-Barr yana ninka haɗarin samun MS sau 32. A Afirka ba a cika ganin ta ba kamar Turai, kuma ƙarancin likitocin jijiya da na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta MRI yana daga cikin dalilan ƙarancin gano ta.

To, ga inda yaudarar take. Kimanin mutum 85 cikin 100 na masu wannan cuta, tana fara musu ne da tashi da lafawa. Ta taso ta kwantar da mutum mako uku ko shida, sannan ta lafa da kanta, ko an sha magani ko ba a sha ba. Wanda aka sayar wa kwalba ranar da ƙafa ta mutu, idan ya miƙe bayan wata guda, wa zai gode wa bayan Allah? Mai kwalba. Zai ma zama shaida, ya jawo masa wasu goma. Alhali kuwa cutar tana nan tana aikinta a ɓoye, kuma kowane tashi yana iya barin tabo a laka ko ƙwaƙwalwa. Sunan cutar ma ma'anarsa ke nan, tabo masu yawa. Abin da mai kwalba ya ci ba kuɗin buhun dawa kaɗai ba ne. Ya ci watannin da ya kamata a ce an tare cutar a cikinsu, kuma jijiyar da ta mutu ba a sayo ta a kasuwa.

Kada wani ya ɗauka muna raina abinci. Masana sun daɗe suna bin wannan batu, kuma adalci shi ne mu faɗi abin da suka samu. Wani likita mai suna Roy Swank ya fara ɗora majinyata a kan abinci mai ƙarancin kitse tun 1948 a Kanada, kuma a 1990 ya ba da rahoton mutum 144 da ya bi shekara 34, yana cewa waɗanda suka kiyaye sun fi samun sauƙi. Amma bai ajiye wani rukuni na daban da za a gwada da su ba, saboda haka ba a karɓi aikinsa a matsayin hujja yankakkiya ba. A 2021, a Amurka, aka gwada tsarinsa da na wata likita, Terry Wahls, mai yawan ganye da kayan lambu, a kan mutanen da ba su kai ɗari ba. Duka biyu sun rage gajiya. Wannan alheri ne, amma rage gajiya daban, tsayar da cuta daban.

Su kuma ƙwayoyin ƙarin sinadarai, ga labarinsu. An gwada man kifi a Norway a 2012, bai rage tashin cutar ba. An gwada biyotin mai yawa, sakamakon 2020 ya nuna bai amfana ba, ga shi kuma yana rikita gwajin jini har likita ya karanta abin da ba shi ba. Bitamin D shi ya fi ƙarfin hujja, duk da haka sakamakonsa ya rabu biyu. Gwajin Amurka na 2023 a kan mutum 172 bai ga ya rage tashin cutar ba, na Faransa kuwa na 2025, a kan kimanin mutum 300 da cutar ta taɓa karon farko, ya ga ya rage motsinta, musamman sababbin tabon da ake gani a hoto. Wannan kuwa a ƙarƙashin idon likita aka yi shi, ana auna jini. Domin bitamin D idan ya yi yawa yana tara sinadarin kalsiyam ya ɓata ƙoda, bitamin B6 kuma idan ya yi yawa shi da kansa yana lalata jijiya. Jama'a, dubi wannan: ƙwayar da aka saya don gyaran jijiya ita ce za ta kashe ta!

Magungunan da aka tabbatar suna rage tashin cutar suna nan. Na farkonsu ya samu izini a Amurka a 1993, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa uku daga cikinsu a jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Suna da tsada, ba ma musun haka. Amma tsadar maganin gaskiya ba ta mayar da na ƙarya ya zama magani.

Akwai abin da ya fi wannan shafar mutumin Kanya. Mafi yawan waɗanda ƙafafunsu ke mutuwa a ƙasarmu ba MS ke damun su ba. Akwai tarin fuka da ke cin ƙashin baya ya danne laka, wanda ke da magani, kuma ana bayar da shi kyauta a asibitocin gwamnati. Akwai ciwon suga da ke ƙone jijiyoyin ƙafa. Akwai wata cuta mai kama da MS ƙwarai, mai kama ido da laka, wadda ta fi yawa a baƙar fata, kuma wasu magungunan MS suna ƙara tsananta ta. Akwai kuma waɗanda lallai abinci ne asalinsu. Ƙarancin bitamin B12, wanda ake samu a nama da hanta da kifi da ƙwai da nono, yana lalata laka, kuma idan an gano shi da wuri allura tana tsayar da shi. Farfesa Osuntokun na Ibadan ya nuna tun shekarun 1960 cewa yawan cin rogon da ba a jiƙa shi sosai ba, tare da ƙarancin nama da wake, yana jawo layi da dushewar gani a ƙasar Ijebu. A 1981, lokacin fari a arewacin Mozambik, rogo mai ɗaci ya shanye ƙafafun mutane fiye da dubu. Alama ɗaya ce, amma dalilai sun kai shida. Wani allura zai sha, wani ƙwayoyin tarin fuka na watanni, wani canjin abinci. Yaya kwalba guda za ta san wanda ke gabanta?

Mun san amsar da za a ba mu. Za a ce habbatus sauda da zuma sun zo a hadisi ingantacce, wanda ya yi shakka ya yi shakka a Sunna. Mun yi imani da abin da ya inganta daga Manzon Allah (S.A.W.), ba mu da ja. Tambayarmu ita ce, wa ya fahimtar da ku hadisin haka? Hafiz Ibn Hajar, a sharhinsa na Bukhari, ya kawo saɓanin malamai a kan hadisin habbatus sauda, har da ra'ayin Khaɗɗabi cewa lafazin gamamme ne amma wasu cututtuka keɓantattu ake nufi. Ibnul Ƙayyim, a babin magani na Zadul Ma'ad, ya yi bayanin cewa sai magani ya dace da cutar, da gwargwadonsa, da yanayin majinyaci, sannan yake amfani da izinin Allah. A nan gida, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya keɓe littafi guda a kan basir, wani kuma a kan ciwon ido. Da a wurinsa kwalba ɗaya ta wadatar, da bai wahalar da alƙalaminsa ba. Sannan Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah sun ruwaito hadisin da ya ɗora lamuni a kan wanda ya shiga aikin magani ba tare da an san shi da iliminsa ba. Me ya sa ba a karanta wannan a lasifika? Wanda ya rataya sunan Sunna a wuyan hajarsa don ta yi kasuwa, idan majinyaci ya gurgunce, ba shagonsa kaɗai za a zarga ba, addinin da ya fake da shi za a zarga, a ƙasar da muke zaune da maƙwabta waɗanda ba Musulmi ba suna kallonmu.

Wani kuma zai nuna lambar NAFDAC. A sani cewa lambar da hukumar ke bai wa mafi yawan magungunan gargajiya, mai harafin L a ƙarshe, shaida ce cewa an duba ba su da guba bayyananniya. Ba shaida ba ce cewa suna warkar da abin da aka rubuta a jikin kwalbar.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa da abubuwa huɗu.

Na farko, duk wanda gaɓarsa ta mutu, ko ganinsa ya dushe farat ɗaya, ko fitsari ya ƙwace masa, a kai shi babban asibitin Zuru ba tare da jinkiri ba, a nemi takardar turawa zuwa Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Shika a Zariya, ko na Malam Aminu Kano. Mun san halin hanyoyinmu da rashin tsaron da ya addabi Danko-Wasagu, mun san kuɗin mota da na hoto. Amma a lissafa abin da ake zubarwa a kwalabe cikin shekara, za a ga sau da yawa ya isa tafiyar.

Na biyu, wanda aka tabbatar masa da MS ya riƙi abinci a matsayin mataimaki. Ba ya bukatar gwangwanin ƙasar waje. Tuwon dawa da gero, da wake, da gyaɗa, da zogale, da rama, da kuka, da kabewa, da kifin Yawuri, da ƙwai da nono, sun ishe shi. Ya rage kitse da zaƙi, ya kiyayi ƙiba, ya motsa jiki gwargwadon ikonsa. Ya bar taba, domin an tabbatar tana gaggauta cutar. Ya guji zafin rana na Maris da Afrilu, domin zafi yana tayar da alamomin na ɗan lokaci. Zuma da habbatus sauda ya ci abinsa, amma ya sanar da likita duk abin da yake sha, kuma kada ya ajiye maganin asibiti dominsu. Batun azumi kuwa ya tambayi likita da malami, shari'a ta riga ta yi wa marar lafiya sauƙi.

Na uku, limamai da masu wa'azi su daina bari a yi tallan magani a harabar masallaci bayan salla, domin jama'a suna ɗaukar shirun malam a matsayin yarda. Kwamitocin masallatai da 'yan agaji su buɗe asusun kai marasa lafiya asibiti. Tunda cutar ta fi kama mata a shekarun aure da haihuwa, muna tunatar da mazaje cewa matar da ƙafarta ta yi rauni ba lalaci take yi ba, kuma ba a mayar da ita gidan iyayenta kamar kayan da ya lalace. Jinyarta tana wuyan mijinta.

Na huɗu, ga 'yan'uwanmu masu shagunan magani. Sayar da zuma da man zaitun halal ne, Allah Ya sa albarka. Amma idan aka kawo muku wanda ƙafarsa ke ja, ku ji tsoron Allah ku ce wannan ya fi ƙarfinmu, a tafi asibiti. Cinikin rana ɗaya za ku rasa, amma kun kuɓuta daga haƙƙin ƙafafun Musulmi ranar da babu dirhami babu dinari.

Allah Ya bai wa marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinya haƙuri da lada, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Zuru da Nijeriya baki ɗaya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.