A Koyi Tsayawa Kafin A Koyi Gudu: Tsokaci Kan Sababbin Mahaya Babur A Jega Da Aliero Da Maiyama

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa da hantsi a mararrabar Jega, inda hanyar Sakkwato ta haɗu da ta Birnin Kebbi da kuma wadda ta gangara Maiyama har zuwa Koko da Yawuri, ba ya bukatar a gaya masa matsayin babur a rayuwar mutanen wannan yanki. Da shi manomin Aliero ke fito da albasarsa bakin hanya, da shi malamin makaranta ke isa ƙauyen da aka tura shi, da shi kuma ake garzayawa da mai naƙuda asibiti cikin dare. Dattawanmu na tuna lokacin da aka biya kuɗin Udoji a 1975, sa'ad da Honda da Suzuki da Vespa suka zama abin taƙamar ma'aikaci. A yau kuwa Bajaj da Jincheng da Haojue sun mayar da babur jakin talaka, sana'ar kabu-kabu kuma ta rufa wa ɗimbin matasa asiri.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani giɓi da na lura da shi a yadda muke koyon hawa. Ana koya wa yaro tayarwa da sa giya da murɗa totur a yammaci guda, kashegari ya hau kwalta. Tsayawa kuwa, musamman ta gaggawa, ba wanda ke koya masa. Ra'ayina shi ne wanda bai iya tsayawa ba bai iya babur ba, kome gwanintarsa wajen gudu.

Tsoron Birkin Hannu

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mahayanmu, wai birkin hannu kifar da mutum yake yi. Ni ma da ita na buɗe ido. Wanda ya koya mini hawa ya ja mini kunne cewa kada yatsana ya kusanci libar dama, na kuwa riƙe wasiyyar har ranar da wani jaki mai ɗauke da mangala ya tsallako mini a kan hanyar Jega zuwa Aliero. Na take birkin ƙafa iya ƙarfina, tayar baya ta ƙame, gindin babur ya shiga lilo, muka zube a gefen hanya ni da shi. Allah ya taƙaita, ban samu kome ba sai ƙujewar gwiwa da tafin hannu. Da na koma na dubi zanen da tayar ta bari a kan kwalta, sai na ga tazarar da ke tsakanina da jakin ta ishe ni in tsaya lafiya, da a ce na san aikin birkin da aka hana ni taɓawa.

Dalilin wannan a fili yake. Duk lokacin da abin hawa ke rage gudu, nauyinsa kan koma gaba, kamar yadda fasinjojin mota ke rusunawa idan direba ya taka birki. Saboda haka tayar gaba kan ƙara dannuwa a ƙasa ta ƙara riƙo, ta baya kuwa ta yi sakayau, riƙonta ya ragu. Masu koyar da hawan babur sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin tsayawa daga birkin gaba yake fitowa. Ashe ke nan wanda ya dogara da birkin ƙafa kaɗai ya jefar da mafi yawan makaminsa tun kafin a fara yaƙi. Abin takaici ma, sau da yawa akan ga babur da libar birkin gaba a sake tana reto, ko wayarta ta tsinke an bar ta haka, don mai shi bai ɗauke ta a bakin kome ba.

Adalci ne in faɗi cewa masu wannan tsoro ba ƙarya suka ƙaga ba. Birkin gaba na ka da mutum idan an fizge shi lokaci guda, ko an kama shi da ƙarfi ana cikin kwana, ko a kan rairayi da tsakuwa da laka, kuma hanyoyin ƙauyukanmu ba su rasa waɗannan. To amma laifin na hannun da bai koya ba ne. Wuƙa na yanka mai ita, ba a kuwa ce mahauci ya daina riƙe ta ba.

Lissafin Tazara

Bari mu ɗan yi lissafi. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowane sakan. Tsakanin ido ya ga haɗari da hannu ya kai ga birki akan ɗauki sakan guda ko fiye, watau mita 17 sun tafi tun ba a fara rage gudu ba. A kan busasshiyar kwalta, da taya mai kyau da birki biyu, ana bukatar ƙarin kimanin mita 20 kafin a tsaya cak. Da birkin ƙafa kaɗai wannan tazara kan kusa ninkawa. Bugu da ƙari, idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar birki sau huɗu take ninkawa. Ga wanda ya yi goyon mutum biyu, ko ya ɗora buhunan albasa, tazarar ta fi haka tsawo. Wannan lissafi ba ya sanin ɗan wane, ba ya kuma jin magiya.

Yadda Ake Tsayawar Gaggawa

Da farko, a saki totur gaba ɗaya, a miƙe babur idan yana karkace, domin taya ba ta iya cikakken juyi da cikakken birki a lokaci guda. Na biyu, a kama birki biyu tare, amma na hannu a fara shi da sauƙi har nauyi ya sauka a kan tayar gaba, sa'an nan a ci gaba da matsawa da ƙarfi, kamar mai matse lemun tsami. Na uku, a taka na ƙafa daidai wa daida, a kama kuloci don kada injin ya ci gaba da tura babur ko ya mutu. Na huɗu, a ɗaga kai a dubi inda ake son bi, domin babur inda ido ya kafe can yake nufa. Mai kallon rami a rami yake ƙarewa. A matse tanki da gwiwoyi, kada kuma a sauke ƙafa ƙasa sai an tsaya.

Idan tayar gaba ta ƙame, a saki liba nan take a sake kamawa a hankali. Idan ta baya ce ta fara ja, a riƙe kan babur a miƙe, a ɗan sassauta ƙafa tun gindin bai karkace ba. A kan rairayi kuwa, ko bayan ruwan farko na damina lokacin da kwalta ta fi santsi, maganin shi ne rage gudu tun daga nesa.

Karanta waɗannan ba ya wadatarwa, don a lokacin firgita hannu abin da ya saba shi yake yi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sai sabon mahayi ya sami fili mai tauri inda babu jama'a, ya ja layi a ƙasa, ya riƙa tahowa da gudun kilomita 20 yana tsayawa a kansa, ya ƙara zuwa 30 da 40 sannu a hankali, har abin ya zame masa jiki.

Bayan An Faɗi

Idan tsautsayi ya auku, mutum ake fara dubawa kafin ƙarfe. Wanda ke kukan wuya ko baya kada a ɗaga shi da gaggawa, kada kuma a fizge masa hular kwano. Wanda kansa ya bugu, ya kuma shiga amai ko magagi, asibiti za a nufa da shi ko da babu jini a waje. Aliero ta yi suna ƙwarai wajen ɗori, mutane na zuwa daga nesa don neman maɗoranta, wannan kuwa abin alfahari ne. Sai dai ƙashi ake ɗorawa. Ƙwaƙwalwar da ta zubar da jini ba ta ɗoruwa, karayar da ta fasa fata kuma tana bukatar hoto da wanki a asibiti. Kada sunan garinmu ya zame mana dalilin sakaci.

Sa'an nan a koma ga babur. A kashe injin, a rufe makunnin mai, a kiyayi salansa mai zafi. A ɗaga shi da ƙarfin ƙafafu, ba da ƙugu ba. Idan kan babur ya karkace, a tsaya a gabansa a matse tayar gaba tsakanin gwiwoyi, a murɗa kan har ya daidaita. Birkin ƙafa da libar giya da suka lanƙwashe ana iya miƙe su a hankali da sifana, amma libar hannu ta alminiyam ce, karyewa take idan an tilasta mata, gara a saye sabuwa. A duba sarƙa ko ta zame, a juya kowace taya a ga ko wili ya karkace ko sifoku sun tsinke, a gwada fitila da sigina, a gyara zaman madubi. In injin ya ƙi tashi, mai yiwuwa mai ne ya malala ya jiƙa fulogi, sai a kwance shi a goge a bar shi ya sha iska. Uwa uba, a tura babur da hannu a gwada birki biyun kafin a sake hawa. Sifana da filaya da sukuddireba da fulogi na ajiya ba su da nauyin da zai hana a yi tafiya da su.

Akwai kuma gyaran da bai halatta a bakin hanya ba. Shokozoba ta gaba da ta lanƙwashe, da gangar jikin babur da ta tsage, da fatar birki da mai ya jiƙa, duk aikin ƙwararren bakanike ne, wasu ma canji suke bukata. Buga su da guduma ko liƙa su da waldar sauri gyaran gangar Auzinawa ne. Haka nan hular kwanon da ta sha bugu mai ƙarfi ta gama aikinta, ko da ba a ga tsaga ba.

Kammalawa

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, ta kuma soma tilasta sa hular kwano daga 1 ga Janairu 2009, har aka ba da labarin waɗansu mahaya da suka kifa ƙwarya a ka don su kauce wa kamu. Wannan ya nuna mana cewa doka ba ta shiga zuciyar da ba a fahimtar da ita ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce haɗurran hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Mai cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, sai ya tuna cewa shi ma yana kulle ƙofarsa da dare.

Shawarata ga shugabannin 'yan kabu-kabu na Jega da Aliero da Maiyama ita ce kada a karɓi sabon shiga sai ya nuna tsayawar gaggawa a gaban manyansa. Iyaye kuma su tambayi yaro ko ya iya birkin hannu kafin su miƙa masa makulli. Ɗaliban jami'ar da aka kafa a Aliero a 2006, waɗanda kullum ke kan babur tsakanin makaranta da gari, su ne suka fi cancanta su fara ba da misali.

Mu kuma na Sashen Hausa, malamai da ɗalibai, muna da namu kason. Mafi yawan abin da aka rubuta kan wannan fanni da Turanci yake, alhali mahayanmu da Hausa suke tunani. Me zai hana mu zauna da bakanikai mu tattara kalmomin sana'arsu, mu fitar da ɗan littafi cikin boko da ajami, mu kuma shirya wasan kwaikwayo na rediyo a kan birkin hannu? Idan karatunmu ya hana uwa guda zaman makoki, to bai tashi a banza ba. Allah ya kiyashe mu da sharrin ƙarfe, amin.