Ɗaukar ɗan wasa mai rauni: idan ƙafar ta sake karyewa, asarar ta wa ce?



Duk lokacin da aka buɗe kasuwar 'yan wasa, muhawara ɗaya ce ke dawowa a majalisunmu da gidajen kallon ƙwallo, daga Gangare zuwa Anguwan Rogo har Bukur. Wane ya iya ƙwallo, amma gwiwarsa ta taɓa samun matsala, a ɗauke shi ko a bar shi? Wasu su ce arha ce ta samu, wasu su ce arha ba ta ado. A namu ganin, babu laifi a ɗauki ɗan wasa mai rauni, da sharaɗi biyu: a san girman raunin kafin a sa hannu, kuma ƙungiyar ta yarda a rubuce cewa jinyarsa tana wuyanta. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ɗauki yaro da arha, idan ƙafar ta riƙe riba ta ƙungiya ce, idan ta sake karyewa asara tasa ce shi da iyayensa.

Maganar ta shafe mu mutanen Jos fiye da kowa. Garin nan ne ya fitar da Mighty Jets da ta lashe gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, da Plateau United da ta lashe ta a 2017. A nan aka haifi Mikel Obi da Ahmed Musa da Moses Simon da Ogenyi Onazi. Kowane yaro da ke buga ƙwallo a filin unguwa yana kallon waɗannan sunaye, yana fatan wata rana ya shiga filin Rwang Pam ko sabon filin wasa na titin Zariya. Sannan Plateau United ta gwamnatin jiha ce, don haka duk nairar da aka kashe wajen ɗaukar ɗan wasa kuɗin jama'a ne, muna da haƙƙin tambayar yadda aka kashe ta.

Abu na farko da ya kamata mu gane shi ne rauni suna ya tara. Targaɗe daban, karaya daban, tsinkewar jijiya daban. Ƙashi idan ya karye aka gyara shi yadda ya kamata, yawanci yakan haɗe. Jijiyar da ke tsakiyar gwiwa kuwa, wadda ke hana ta gocewa idan ɗan wasa ya juya da sauri, idan ta tsinke ɗori ba ya haɗa ta, hoton ƙashi na yau da kullum ma ba ya nuna ta, sai na'urar MRI. Mai son ci gaba da ƙwallo a matakin ƙwararru yawanci sai an yi masa tiyata, sannan ya yi kimanin wata tara ko fiye yana motsa jiki ƙarƙashin kulawar masana kafin ya koma fili. Wanda aka mayar da shi da wuri, haɗarin sake tsinkewarta ya fi yawa. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Labarin Onazi ya nuna mana fuska biyu na lamarin. A gasar cin kofin duniya ta 2014, a wasan Najeriya da Faransa, Blaise Matuidi ya taka shi aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Ya warke ya ci gaba da wasa a Lazio, har Trabzonspor ta Turkiyya ta saye shi a 2016. Amma a ƙarshen 2018 jijiyar agararsa ta tsinke, bai buga gasar cin kofin Afirka ta 2019 ba, kuma daga nan bai sake komawa matsayinsa na da ba. Mutum ɗaya, rauni biyu, sakamako daban. Ƙungiyar da ta ce duk wanda ya taɓa jin ciwo ba ta so, za ta rasa 'yan wasa nagari. Wadda ta ce kowane ciwo yana warkewa, ita ma za ta ƙone hannunta.

Manyan ƙungiyoyin Turai ba sa cinikin biri a sama, aunawa suke yi. Victor Boniface sau biyu jijiyar gwiwarsa tana tsinkewa lokacin yana Bodø/Glimt ta Norway. Duk da haka Union Saint-Gilloise ta Beljiyam ta ɗauke shi a 2022, Bayer Leverkusen ta saye shi a 2023, kuma da shi ta lashe gasar Jamus ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba. Shi ɗin dai ne AC Milan ta fasa ɗauka a watan Agustan 2025 bayan ta yi masa gwajin lafiya. Haka Manchester United ta dakatar da cinikin Ruud van Nistelrooy a 2000 saboda gwiwarsa, ta jira ya warke, ta saye shi a 2001, ya ci mata ƙwallo 150. A duk waɗannan, likita ne ya fara magana kafin mai riƙe da asusu.

Dokar FIFA ma haka ta tsara. Ta ce ba a rataya ingancin kwantiragi a kan sakamakon gwajin lafiya. Ma'ana, ƙungiya ta yi duk binciken da za ta yi kafin sa hannu. Da zarar an sa hannu, ba ta da damar cewa ta gano tsohon ciwo don haka ta fasa. Iyaye da 'yan wasanmu da yawa ba su san wannan haƙƙi nasu ba, shi ya sa yaron da ya ji ciwo yakan tattara kayansa ya dawo gida shiru, 'yan uwa su shiga neman kuɗin asibiti.

Za a ce mana, ina ƙungiyoyinmu suka ga kuɗin Leverkusen? Albashi ma da ƙyar ake biya, balle hoton MRI ga kowane ɗan wasa. Gaskiya ne aljihun bai kai ba. Amma talaka ne ya fi buƙatar ya duba kaya kafin ya biya, domin shi ba shi da kuɗin sayen na biyu. Kuɗin hoto ɗaya bai kai albashin kakar wasa guda da za a biya wanda ke zaune a benci yana ɗingishi ba. Kuma Jos ba ta rasa likitoci ba. Muna da asibitin koyarwa na JUTH, wanda har ƙungiyar ƙwallo ya taɓa riƙewa a babbar gasar ƙasa, inda Ahmed Musa ya buga kafin ya tafi Kano Pillars. Garin da asibitinsa ya raini 'yan ƙwallo bai kamata a ce ana ɗaukar ɗan wasa a cikinsa da ido kawai ba.

Akwai kuma wurin da ba a yin ciniki ko kaɗan, wato zuciya. Gwajin lafiyar da Inter Milan ta yi wa Nwankwo Kanu a 1996 ne ya gano matsala a zuciyarsa. Aka yi masa tiyata a Amurka, ya dawo ya koma Arsenal a 1999, ya ci kofuna. Samuel Okwaraji bai samu wannan dama ba, ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agusta 1989 ana wasa da Angola, bai tashi ba. A watan Maris 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya, nan maƙwabtanmu, ana wasa da Katsina United, shi ma ya rasu. Rai na Allah ne, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

Don haka ga kiranmu. Shugabannin ƙungiyoyi, manya da ƙanana, kada a yi wa kowa rajista sai an duba zuciyarsa da gaɓoɓinsa. Idan an yanke shawarar ɗaukar mai tsohon rauni, a rubuta a kwantiragi wa zai biya tiyata da jinya, a yi masa inshora, kuma likita ne zai faɗi ranar komawarsa fili, ko da koci yana cikin matsin lamba. Ana iya rage albashi a ƙara ladan kowane wasa da ya buga, wannan adalci ne ga kowa, in dai jinyar ba ta cikin abin da aka rage.

Iyaye da yayye, kada ku bari yaro ya sa hannu a takardar da babu wanda ya karanta masa ita. Ku tambayi abin da aka rubuta game da rauni kafin ku tambayi albashi. 'Yan wasa da dillalansu, ku ji tsoron Allah ku daina ɓoye ciwo da allurar kashe zafi don a ci gwaji. Ɓoye aibin kaya ha'inci ne, kuma a nan kayan jikin mutum ne, wanda zai yi tafiya da shi shekara arba'in bayan ya ajiye takalmi.

Mu 'yan kallo ma da namu. Mu ne ke ihu a sako wane, ko da da ƙafa ɗaya ne. Idan aka ce mana ɗan wasa yana jinya, mu yi masa addu'a, mu ba shi watanninsa cikakku.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mana yaranmu a fili da wajen fili. Amin.