Murya Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Akwai ɗalibai a cikinmu, musamman 'yan ƙungiyar mawaƙa da 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo, waɗanda ke marmarin karanta wasan kwaikwayo mai waƙa da rawa bayan sun gama sakandare. Wasu iyaye da sun ji haka sai ransu ya ɓaci, su ce yaro ya zaɓi shiririta. Ni ban ɗauke shi shiririta ba. Hubert Ogunde, wanda ake kira uban wasan kwaikwayon Nijeriya na zamani, wasansa na farko a 1944 labarin gonar Adnin ne, kuma wata ikilisiya a Legas ce ta ɗauki nauyinsa. Abin da ke damuna dabam ne: yawancin masu wannan buri suna tsammanin murya mai daɗi ita ce komai.

Mu duba Amurka, inda wannan karatu ya fi kafuwa. Jami'ar Cincinnati ta buɗe sashensa tun 1968, kuma jami'o'i irin su Michigan da Carnegie Mellon sun yi suna a kansa. A can sakamakon jarrabawa mai kyau ba ya wadatarwa. Yawanci ɗalibi zai fara aika hoton bidiyo na kansa, a tace. Wanda ya tsallake sai a kira shi gwaji gaban malamai, ko dai a makarantar, ko a manyan birane kamar New York da Chicago inda makarantu da yawa kan taru wuri guda a watannin Janairu da Fabrairu. Zai rera gutsuren waƙoƙi biyu masu bambancin yanayi, ɗaya a hankali ɗaya da sauri, kowanne kamar minti ɗaya ko ƙasa da haka. Zai yi jawabin wani ɗan wasa daga cikin littafi, da ka. Daga nan a koya wa taron masu nema wata rawa nan take, a ga wanda zai kama. Ɗaruruwa ke nema, 'yan kaɗan ake ɗauka.

To, me malaman ke nema a cikin minti ɗaya? A wannan fanni waƙa magana ce. Ɗan wasa yana rerawa ne don akwai abin da yake so daga wurin wani: gafara, ko aure, ko a bar shi ya tafi. Wanda ya rufe ido ya daddage ya kai murya sama, amma bai san da wa yake magana ba, ya nuna maƙogwaro ne kawai. Shi ya sa nake ganin kuskure ne yarinya 'yar shekara 17 ta ɗauko waƙar gwauruwa mai jikoki don kawai tana da wuyar rerawa. Ta zaɓi wadda ta dace da shekarunta da muryarta, wadda za ta iya rerawa ko da ta tashi da mura.

Akwai kuma abin da ɗalibai ba su cika shirya masa ba. Wani lokaci malami zai tsayar da kai ya ce, sake yi, amma yanzu kamar kana lallashin ƙanenka. Ba raini ba ne. So yake ya ga ko kana karɓar gyara, domin shekara huɗu zai yi yana gyara ka. Ɗalibin da ya saba a tafa masa kowace Lahadi, nan ne yakan yi tuntuɓe. Haka kuma yadda ka gaisa da mai kaɗa piyano, da yadda ka shirya masa takardar waƙarka, duk ana lura.

Game da zaɓen makaranta, kada suna ya ruɗe ku. Ku tambaya: sa'a nawa ake rawa a mako? Ana koyar da murya ɗaya-ɗaya ko a taro? 'Yan shekarar farko suna hawa dandali? Sannan kuɗi. Karatu a waɗannan jami'o'i yana da tsada ƙwarai, aikin kuma ba shi da albashin wata-wata, don haka cin bashi mai nauyi a kansa ganganci ne. Cynthia Erivo, wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, ta ci lambar Tony a 2016 saboda wasan The Color Purple, amma a Landan ta yi karatu, a makarantar RADA da aka fi sani da koyar da wasan kwaikwayo zalla. A gida ma akwai sashen wasan kwaikwayo a jami'o'in Ibadan da Jos da Zariya, kuma tun da aka nuna Saro a Legas a 2013 irin wannan wasa ya sami 'yan kallo masu biyan kuɗi.

Wanda ke aji huɗu ko biyar yana da lokaci. Ya roƙi malamin kiɗa ya koya masa karanta alamomin waƙa, ya haddace jawabai biyu, ya nemi inda zai koyi rawa da ƙa'ida. Kuma kada ya yi sakaci da Turanci da Adabi, don jami'o'inmu sai da su suke ɗaukar mutum a wannan sashe.