RA'AYINMU: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk wanda ya san ƙasar Kudancin Kaduna, daga duwatsun Kagoro zuwa dazuzzukan Kachia da Kajuru, ya san cewa ƙasa ce mai wuyar tsaro. Ƙauyuka a warwatse suke, hanyoyi kaɗan ne, in damina ta kankama kuwa rafuka kan yanke wasu garuruwa daga sauran duniya. Abin da ya faru a Godogodo da Goska a 2016, da Malagum a 2022, da Runji a 2023, salo guda ne: mahara su shigo da dare, su kashe, su ƙone, su shige daji kafin motar soja ta iso. A irin wannan wuri jirgin sama yana da amfani ƙwarai, domin tafiyar da mota za ta yi rabin yini tana fama, jirgi mai saukar ungulu zai yi ta cikin 'yan mintoci. Saboda haka maganar sayen jiragen yaƙi da makamai ta shafi manomin citta na Kwoi da Zonkwa kamar yadda ta shafi manyan hafsoshi da ke Abuja, kuma ya kamata jama'a su san inda kuɗinsu yake tafiya.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, babu jihar da Allah ya tara wa kayan wannan aiki kamar Jihar Kaduna. A shekarar 1964 aka kafa Rundunar Mayaƙan Sama ta Nijeriya da taimakon Jamus ta Yamma, Kaduna kuwa ita ce matattarar horonta. A wannan shekara aka buɗe Makarantar Horon Hafsoshi a Kaduna, aka kuma kafa Kamfanin Ƙera Makamai na Ƙasa, watau DICON, wanda kamfanin Fritz Werner na Jamus ya gina wa masana'anta a Kakuri. Ga Kwalejin Manyan Hafsoshi a Jaji. Ga Makarantar Koyon Fasaha ta Mayaƙan Sama. A Kachia kuma ga Makarantar Sojan Igwa, ga ta makaman sojan ruwa. Tun kafin waɗannan duka, mutanen da masana ke kira al'ummar Nok, waɗanda aka fara tono gumakansu na yumɓu a 1928 wajen haƙar kuza, suna narka tama su fitar da ƙarfe fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kamar yadda matoyan da aka gano a Taruga suka tabbatar. To, yaya aka yi ƙasar da ta gaji ƙira tun zamanin nan ta zama sai ta tsallaka teku neman ƙusar da za ta ɗaure jirginta?

Ba don ba a yi mana gargaɗi ba ne. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Ingila da Amurka suka ƙi sayar wa Gwamnatin Tarayya jiragen yaƙi, sai da aka juya wajen Tarayyar Sobiyat aka samo jiragen MiG. A 1983 aka ƙulla cinikin jiragen Jaguar guda 18 daga Ingila da maƙudan kuɗi, amma ba su cika shekara goma suna tashi ba aka jingine su, domin babu kuɗin kula da su, babu kayan gyara. A 2014, lokacin da Boko Haram ke cin garuruwa a Borno da Adamawa, Amurka ta hana a sayar wa Nijeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra daga Isra'ila. A shekarar nan ce kuma hukumomin Afirka ta Kudu suka kama Dala miliyan 9.3 tsaba a cikin wani jirgi da ya taso daga Nijeriya, aka ce na sayen makamai ne, abin da ya zubar mana da mutunci a idon duniya. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Makamin da sai wani ya yarda za ka same shi, sai ya yarda za ka gyara shi, aro ne ko da ka biya kuɗinsa lakadan.

A dubi jiragen Super Tucano guda 12 da suka fara isowa a watan Yuli na 2021. Kuɗinsu, tare da makamai da horo da gyaran sansaninsu na Kainji, ya kusa Dala miliyan 500, an kuma yi shekaru ana jira, sa'an nan cinikin ya zo da sharuɗɗa game da yadda za a yi amfani da su. Jiragen sun yi aiki, ba mu musa ba. Amma asalin jirgin na kamfanin Embraer ne na ƙasar Birazil, wanda aka kafa a 1969, watau DICON ya girme shi da shekara biyar. Gwamnatin Birazil ta kafa makarantar injiniyoyin jirgi tun da fari, ta riƙa sayen abin da kamfanin ya ƙera ko da bai kai na Turai ba, ta kuma tilasta wa masu sayar mata da jirage su koya wa 'ya'yanta aikin. Yau Embraer na cikin manyan masu ƙera jirage a duniya. Namu kuwa akwai lokacin da aka fi saninsa da haɗa kujeru da tebura.

Kada wani ya ce yaranmu ba su iya ba. A nan Kaduna aka haɗa ƙananan jiragen koyon tuƙi da ake kira Air Beetle guda 60, da haɗin gwiwar wani kamfani da Rundunar Mayaƙan Sama. A nan aka ƙaddamar da jirgi marar matuƙi mai suna Gulma a 2013, da Tsaigumi a 2018. A nan aka fito da motar sulke Ezugwu a 2019. Ciwon shi ne, kowane ɗaya daga cikinsu an yi masa biki, an ɗauki hoto, an tafa, daga nan kuma sai ɗan abin da ba a rasa ba. Masana'anta ba ta rayuwa da biki. Abin da ke riƙe ta shi ne mai saye wanda zai ce ina son kaza a bana, kaza baɗi, ya kuma biya a kan kari.

Me ya hana? Dalili na farko ƙarfe ne. An fara aikin masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta a 1979, an narka mata dukiya mai yawa, ba ta kai ga narka tama yadda aka tsara ba, ƙasar da ba ta da ƙarfen kanta kuwa haɗe-haɗe kawai za ta yi. Na biyu, masana'antun da ya kamata su tallafa sun durƙushe. Wanda ya san Kakuri a zamanin da masaƙu ke aiki dare da rana, da zamanin da kamfanin Peugeot ke fitar da motoci bayan buɗe shi a 1975, ya ga yadda ƙwararrun maƙera da masu walda da masu lantarki suka watse. Na uku kuwa, wanda ya fi muni, shi ne kwaɗayi. Sayen makami daga waje yana da daɗi ga ɗan kwangila da wanda ya ɗaure masa gindi, domin ana yin sa cikin duhu da sunan asirin tsaro. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta sa aka yi a 2015 ya fito da zargin karkatar da kimanin Dala biliyan 2.1 na kuɗin makamai, alhali ƙananan sojoji na fagen fama suna kukan rashin harsashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A watan Nuwamba na 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar DICON, wadda ta ba shi damar haɗa gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu. Mun yi maraba da ita, amma doka a takarda ba ta harbi. Muna kira ga Gwamnatin Tarayya da Majalisar Ƙasa su dubi waɗannan abubuwa.

Da farko, kada a ƙara sa hannu kan cinikin jirgi ko motar yaƙi sai da sharaɗin cewa a nan gida za a riƙa babban gyaransa, mai sayarwa ya horar da injiniyoyinmu, a kuma ƙera wani kaso na kayan gyaransa a masana'antunmu. Na biyu, a fara da abin da za a iya. Ba mu ce gobe Nijeriya ta ƙera jirgin yaƙi mai gudun walƙiya ba. Ƙasashe ƙalilan ne ke yin wannan. Amma harsashi, da rigar sulke, da takalmin soja, da batir, da na'urar oba-oba, da ƙaramin jirgin leƙen asiri marar matuƙi, duk ba su fi ƙarfinmu ba, kuma su ne ake ci kullum. Na uku, Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Aiki da aka kafa a Kachia a 2025, a harabar da a dā ake kira Jami'ar Nok, tana maƙwabtaka da makarantun soja biyu. Lalle ne a ƙulla ta da su da DICON tun tana ɗanya, domin ɗan Jaba da ɗan Kataf da Bajju da Bafillace da Bahaushe su zauna aji guda su koyi ƙira. Haka kuma a farfaɗo da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, wadda tun 1927 take mahaɗar hanyoyin Kaduna da Jos da Fatakwal, domin masana'anta mai nauyi ba ta tsayuwa ba tare da dogo ba. Na huɗu, a buɗe littafin ciniki ga kwamitocin Majalisa da Babban Mai Binciken Kuɗi. A kuma yi hattara da 'yan kamasho da za su sayo kaya daga waje, su shafa musu fenti a Kaduna, su ce ƙirar gida ce.

Akwai kuma wata magana da ba za mu tsallake ba. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgi marar matuƙi na Rundunar Sojan Ƙasa ya jefa bam kan masu taron Mauludi a Tudun Biri, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi, mutum aƙalla 85 suka rasu. Kafin wannan an yi na Rann a Borno a watan Janairu na 2017. Jirgi daga sama ba ya bambanta mai ɗauke da fartanya da mai ɗauke da bindiga sai da sahihin labari daga ƙasa, labari kuwa ba ya samuwa sai jama'a sun amince da hukuma. Saboda haka duk Nairar da aka kashe kan jirgi, a kashe 'yar'uwarta kan horo, da haɗin kai tsakanin sojan ƙasa da na sama, da kusantar sarakuna da masu unguwanni da ardo-ardo. Bam kuma ba ya raba rigimar gona da burtali; wannan aikin alƙali ne da shugaba mai adalci.

Fiye da shekara 60 ke nan da aza harsashin masana'antar Kakuri. An yi jinkiri, an yi asara, amma ƙwararru suna nan, makarantu suna nan, buƙata kuwa ga ta a fili. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan shugabanni suka bari sai wata fitina ta taso sa'an nan a fita yawon roƙon makamai, to, talakan ƙauye ne zai sake biya da ransa. Allah ya ba su ikon gyarawa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.