Wasiƙar Yammedi: Amana a Cinikin Tsohuwar Mota

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni filin nan da ka saba ba ni a jaridarka mai farin jini, in yi magana a kan wata sana'a da samarinmu na ƙasar Ƙaraye da Rogo su ke shiga in sun je birni, watau dillancin tsofaffin motocin fasinja. Da yawa cikin masu sayen nan baƙi ne, daga Maraɗi ko Damagaram ko Chadi, waɗansu ma ba su ga motar sai a hoto ta waya. To, yaya za a yi mutumin da ke wata ƙasa ya yarda da kai har ya aiko da dukiyarsa?

Mu fara duba inda motocin nan su ke fitowa. Wani sashe na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a 2020 cewa daga 2015 zuwa 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 kuwa Afirka a ka kawo su. Da yawa a kan ɗoro su a jirgin ruwa daga Antwaf ta ƙasar Beljiyam, a sauke a Ikko ko Kwatano ko Lome, shi ya sa ma har yau mu ke ce wa tsohon kayan Turai ɗan Beljiyam. Kafin bas ɗaya ƙirar Hiace ya iso Kano, ya ratsa hannu biyar ko shida, kowane hannu kuwa ya san wani abu game da shi wanda na gaba bai sani ba. In ya yi shekaru yana jigila daga Ƙaraye zuwa Gwarzo da Kano, sa'an nan a ka sa shi kasuwa, mai shi kaɗai ya san ciwonsa. Wannan rashin sani shi ne tushen zargi, maganinsa kuwa amana.

Kada a ce abin sabo ne. Kakanninmu da su ka yi fataucin goro zuwa Gwanja ba su da waya, ba su da banki. Abin da su ke da shi shi ne mai masauki a zango, wanda ya kan sauki baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ta Ibadan, ya fitar da littafi a 1969 inda ya nuna yadda Hausawa ke sayar wa mahauta shanu bashi, ba takarda ba sa hannu, don in mahauci ya ƙi biya, mai gidan da a ka sauka wurinsa shi ke biyan mai shanu daga aljihunsa. Ba don yawan kuɗi ya ke yin haka ba, sai don ya san ranar da sunansa ya ɓaci, ranar baƙi za su koma wani gida. Da irin wannan suna Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya yi ciniki tun daga Kumasi har Kano. Ga abin da ni ke gani ya kamata mai sayad da mota ya ara daga gare su.

Na farko, ya faɗi aibin motar da bakinsa tun ba a tambaye shi ba. In an taɓa sauke inji, ko giya tana zamewa, ko ta taɓa faɗuwa an yi mata gyaran jiki da fenti, ya faɗa. Malamanmu sun sani a fiƙihun Malikiyya ɓoye aibin haja haramun ne, mai saye kuma yana da ikon mayar da ita in ya gano. Akwai wani aibi da ya fi sauran haɗari. Tun ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, Nijar da Chadi ma haka su ke. Motar da a ka ƙera domin Japan ko Ingila sitiyarinta na dama ne, sai waɗansu su juya shi. Amma ƙofar fasinja tana nan a hagu, watau ɓangaren da motoci ke wucewa. Wanda ya ɓoye wannan ba kuɗin mutum kaɗai ya ci ba, ya sa rayukan mata da yara cikin haɗari.

Na biyu, takardu. Yawancin motoci suna da lambar jiki mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ba a maimaita ta ga wata mota. Lalle ne wadda ke jikin ƙarfe ta dace da wadda ke takardar kwastan da ta mallaka. A Janairu 2017 Gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa, saboda haka motar da ta biyo ta daji ba takardar fito tana iya zama ganima a shingen farko. Baƙon da a ka ƙwace wa mota a hanyar Jibiya ba zai ce jami'i ya cuce shi ba, cewa zai yi mutumin Kano ya cuce shi. Haka kuma agogon nan mai ƙirga tafiya, kada a mayar da shi baya. Mutanen Japan su kan rubuta adadin tafiyar mota cikin takardar fitarwa, wannan na cikin abin da ya sa a ke sayen motarsu daga nesa da kwanciyar rai.

Na uku, a bar mai saye ya kawo nasa makaniki, ko wakilinsa, ya buɗe gaba, ya shiga ƙarƙashi, ya tayad da inji da sanyin safiya, ya hau ta da kaya. Mai gaskiya ba ya gudun bincike. In ta waya a ke ciniki, a nuna masa tsatsa da ɗigon mai yadda a ke nuna masa kujeru.

Na huɗu, maganar kuɗi, nan ne zumunci ya fi lalacewa. In Bakano ya ce jaka, Naira 200 ya ke nufi. In Bamaraɗe ya ce jika, Sefa 1,000 ya ke nufi, dalarsa kuwa Sefa 5 ce. Harshe ɗaya, lissafi biyu. Banda wannan, Sefa tana ɗaure da kuɗin Turai, kusan 656 ke yin Yuro ɗaya ba ta motsi, amma Naira ta kan yi hawa da sauka. Daga Yuni 2023 zuwa Fabrairu 2024 Dalar Amurka ta tashi daga wajen Naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500. Wanda ya karɓi kafin alƙalami ya bar sauran magana a baki, rigima ya ajiye wa kansa. Sai a rubuta adadi da alƙaluma, da sunan kuɗin, da ranar biya, da wanda zai ɗauki nauyin direba da mai da kuɗin iyaka, shaidu biyu su sa hannu. Ragowar kuɗi kuwa a ajiye wurin dattijon da kowa ya yarda da shi har mota ta isa.

Na san wani zai ce, “In na tona aibin motata, ai farashi zai faɗi.” Gaskiya ne, zai faɗi a wannan karo. Amma baƙon da ya isa gida ya tarar abin da ka faɗa masa haka ya ke, shi ne zai aiko maka ƙanensa baɗi ba tare da ya yi tayi wurin kowa ba. Wanda ka cuta kuwa zai ba da labari a tasha da kasuwa da masallaci, ba kuwa sunanka zai kama ba, sunan garinku zai kama. Ramin ƙarya ƙurarre ne, wake ɗaya kuma shi ke ɓata gari.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana akawuna su taimaki masu sana'ar nan da rubuta yarjejeniya mai tsabta, da Hausa yadda kowa zai gane. Malaman makaranta su koya wa yara lissafin canjin kuɗi. Malaman zaure kuma su tsaya a kan babin ciniki kamar yadda su ke tsayawa a kan babin tsarki. Ina so kuma masu karatu na Maraɗi da Damagaram su rubuto su gaya mana abin da ya fi damunsu a cinikinsu da mu, don gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Mai-Lura, Yammedi.