Sunan shafin intanet ma ana taya shi, amma kada ka nuna ka matsu

Yau ba maganar sikirin ko cajin waya zan yi ba, maganar ciniki ce.

Kwanakin baya wani mai shagon kayan sola a nan Zuru ya kawo mini wayarsa gyara, sai ya ce in duba masa, shafinsa na intanet ya daina buɗewa. Ina shiga na ga an rubuta sunan na sayarwa ne, dala 1,500. Ashe wa'adin rijistarsa ya ƙare, saƙon tunatarwa kuma yana ta zuwa imel ɗin yaron da ya haɗa masa shafin, wani can a ƙasar waje ya kama sunan. Ga shi sunan yana jikin allon shagonsa da rasit ɗinsa. Abin da ya fi ba ni haushi, tun kafin ya zo wurina ya riga ya rubuta wa mutumin cewa shi ne asalin mai sunan, don Allah ko nawa ne zai biya. Na ce Alhaji, ai ka gama cinikin da kanka.

Da farko ka gane, sunan shafi, wato domen, ba sayensa kake yi har abada ba. Haya ce, shekara-shekara kake sabuntawa. Na .com kamfanin Verisign na Amurka ne ke riƙe da rijistarsa, namu na Najeriya kuwa, .ng da .com.ng, ƙungiyar NiRA ce ke kula da shi, kai kuma ka yi rijista ta hannun kamfanonin da aka amince wa. Sunan da babu kowa a kai kuɗinsa sananne ne, ba tayi. Wanda ke hannun wani shi ne ba shi da farashi, sai yadda kuka daidaita, kamar tsohuwar waya a kasuwa.

Ra'ayina shi ne, a wannan cinikin ƙarfinka ɗaya ne: ka iya juya baya ka tafi. Duk wanda ya taɓa sayen rago ya san haka. In mai kaya ya ga idonka ya kafe a kan dabbarsa, kuɗi ya hau.

In kai ne mai saye, kada ka tura saƙo da imel ɗin kasuwancinka, kada kuma ka ba da labarin wahalar da ka shiga. Ka fara bincike tukuna. Duba WHOIS ka ga ranar da aka yi rijistar sunan da ranar da za ta ƙare. Shiga archive.org ka ga abin da aka taɓa ɗorawa a kai, don suna mai tarihin damfara ko kyauta aka ba ka asara ce. Sannan ka yanke wa kanka iyakar kuɗin da ba za ka wuce ba, ka taya ƙasa da ita sosai. Kada kunya ta hana ka, rashin tayi akan bar araha. In ya ce albarka, ka yi shiru kwana biyu ko mako guda. Shi ma fa kowace shekara biya yake yi don ya riƙe sunan.

In ciniki ya faɗa, kada ka kuskura ka tura kuɗi kai tsaye ga wanda ba ka sani ba. Ba a cinikin biri a sama. Akwai masu shiga tsakani irin su Escrow.com, da kasuwannin suna irin su Sedo da Afternic. Su ne dillalai: su riƙe kuɗin, sai sunan ya shigo hannunka su sallami mai shi, su cire la'adarsu. Ku yi magana tun farko a kan wanda zai biya la'adar. Kuma sunan bai zama naka ba sai ka gan shi a cikin asusunka, da imel ɗinka da lambarka.

Yanzu ɓangaren masu sayarwa. Na san matasanmu da yawa suna jin labarai masu daɗi. Gaskiya ne, a 2010 Facebook ya sayi fb.com a kan dala miliyan 8.5 daga wata ƙungiyar manoman Amurka. A 2019 an sayar da voice.com dala miliyan 30. Elon Musk da kansa ya ce tesla.com ya ci musu dala miliyan 11. Amma ka lura, waɗannan gajerun sunaye ne da aka kama tun intanet tana jaririya. Ba wanda yake ba ka labarin mutumin da ya tara sunaye hamsin, yana biyan sabuntawa da dala, shekara uku ba wanda ya ko taya. In ka ga za ka gwada, ka fara da ɗaya ko biyu, da kuɗin da in sun tafi ba za ka kwana da yunwa ba. In mai saye ya zo, bar shi ya fara tayi. In kuma tayin ya rufe kuɗin da ka kashe har da riba mai kyau, ka sallama. Wani tayin ba ya dawowa.

Abu ɗaya da nake roƙonka, kada ka kama sunan kamfani ko kasuwancin wani don ka matsa masa ya saya. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta sa wannan cikin laifuka, akwai tara, akwai ɗauri. A duniya ma akwai tsarin ICANN tun 1999 da ake bi a ƙwace irin wannan suna a mayar wa mai tambarin. Ko babu doka ma, cin zali ne.

To yaya muka ƙare da Alhaji? A ranar muka yi masa rijistar sunan nan dai a .com.ng, da imel ɗinsa, 'yan dubunnan naira. Muka taya wancan dala 100, ya ce 900. Muka yi shiru. Bayan mako uku ya sauko 400. Alhaji ya lissafa ya ga kuɗin mai fenti da sabon rasit ba su kai rabin haka ba, ya ce ya yafe.

Wani zai ce ai ya yi asarar sunansa. Haka ne, kuma akwai lokacin da biya ya fi. In kwastomominka ta shafin suke zuwa, ko imel ɗinka na kasuwanci yana kan wannan sunan, to sabon mai shi zai iya karɓar saƙonnin da ake turo maka. Nan kam ka daure ka yi ciniki, ko ka gaggauta cire wannan imel ɗin daga bankinka da shafukanka na sada zumunta. Shi Alhaji cinikinsa a WhatsApp da baki yake, shi ya sa ya iya tafiya.

Saboda haka in kana da shafi, yau ɗin nan ka tambayi wanda ya haɗa maka: da sunan wa aka yi rijista, kuma yaushe za ta ƙare? Ka sa ranar a kalandar wayarka, ka sabunta wata guda kafin lokaci. Allah ya ba mu sa'a a kasuwancinmu.