Walimar Shekara Bakwai a Lafani

A makon da ya wuce, bayan sallar La'asar, na tara 'yan'uwa da maƙwabta a ƙofar gidanmu da ke Lafani, aka sauke Alƙur'ani, aka raba waina da fura, domin mai ɗakina ta cika shekara bakwai tun ranar da likita a Sakkwato ya duba takardar awon jininta ya ce mana sankarar jinin da ke damunta ta lafa. Kuma da yake tun ba a ɗora tukunya ba wasu dattawan dangi suka nuna ba su yarda da taron ba, na ga ya kyautu in kawo hujjata a fili, ko Allah ya sa ta amfani wani mai jinya.

Gwaggona ce ta fara jana gefe, ta ce, "Kai ɗan nan, mi kaka biɗa ga bakin mutane? Wanda Allah ya rufa ma asiri ba ya tona kainai." Maganarta tana da tushe, gama mu Hausawa muna ɓoye ciwo kamar yadda ake ɓoye ƙaramin ciki, saboda tsoron kambun baka, da gudun kada a ce gidan wane akwai cuta, 'yan matan gidan su rasa manema. Sai dai wannan ɓoyon shi ya ci mana wata tara cur, domin sa'ad da mai ɗakina ta soma rama, tana zufa da dare, cikinta yana tasowa ta ɓarin hagu saboda kumburin saifa, wannan ya ce shawara, wancan ya ce jifa, muka sha rubutu, muka sayi sassaƙe a kasuwar Illela ranar Lahadi, har muka ƙetare iyaka zuwa Ƙonni, ba mahalukin da ya ce mana ya taɓa ganin irinta, alhali kuwa daga baya na gane akwai waɗanda suka binne nasu da ita suka kame bakinsu.

Sankarar jini iri-iri ce, akwai mai gaggawa, akwai mai bin sannu, kuma tata mai bin sannun ce, wadda likitoci ke kira CML. Asalinta a ɓargo yake, inda fararen ƙwayoyin jini ke hayayyafa babu ƙa'ida. A 1960 wasu masana biyu a birnin Filadelfiya na Amurka, Nowell da Hungerford, suka lura cewa ɗaya daga cikin zarurrukan halitta na masu wannan cuta ya gajarce. A 1973 wata malama a Chicago, Janet Rowley, ta gano cewa zare na 9 da na 22 ne suka yi musayar gutsure. Sai a 2001 aka fito da ƙwayar imatinib, wadda aka fi sani da Glivec, mai toshe ɓarnar da musayar nan ke haifarwa. Shekara arba'in da ɗaya ke nan ana bin sawun illa guda, abin da ya isa ya kunyata irinmu da muke gajiya da magani in ya kwana bakwai bai yi aiki ba. Wannan ilimi kuma shi ne jawabin tsoron Gwaggo, domin musayar tana aukuwa ne a jikin mutum bayan an haife shi, ba a gadonta, ba a ɗaukarta a kwanon abinci.

Tun 2003 aka fara ba da ƙwayar kyauta a asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, kuma a zamanin da muka soma, can muke zuwa karɓa, mu bi ta Yawuri da Kontagora da Mokwa, mu ƙetare Kwara a Jebba, tafiyar da mai lafiya ma sai ya ji a jikinsa. Da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019, ciniki ya mutu a Illela, kuɗin motar ma sai da ƙanwar mai ɗakina ta sayar da akuyarta.

Wani malami abokina ya kawo wata shubuha da ta fi ta Gwaggo nauyi, ya ce yana jin tsoron riya, kuma yin murna da lafiyar da ba ta tabbata ba kamar gaggawa ce a kan ƙaddara. Na amsa masa cewa ni ban ce ta warke ba, kuma na roƙi duk wanda ya zo kada ya faɗi haka, domin lafawa daban, waraka daban, kamar garwashin da toka ta rufe, wanda mai hankali ba ya taka shi don bai ga harshen wuta ba. Har gobe tana haɗiyar ƙwayarta kullum, ana auna jininta a kan kari, kuma wanda ya ji an ce ya warke ya ajiye magani ba da umurnin likita ba, ya buɗe wa cutar ƙofa da hannunsa. Amma shukura a kan ni'imar da ke hannu ba ta jiran tabbacin gobe, in da tana jira da babu wanda zai yanka ragon suna. Malamanmu na Malikiyya ba su ƙarfafa sujudar shukura ba, shi ya sa muka bi hanyar sadaka da ciyarwa. Riƙon sababi kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, tare da nauyin daula a wuyansa, ya zauna ya yi tasnifi a kan ilimin ɗibbu.

Akwai kuma haƙƙin mutane, wanda ba ya biyuwa a ɓoye: samarin unguwa uku da suka ba da jini ba su karɓi ko kuɗin shayi ba, da ƙanwar nan tata da ta kwana arba'in a kan tabarma a barandar asibiti. Su na zaunar a gaba, na ambaci abin da suka yi kowa yana ji.

Da magariba ta gabato, mutane sun fara watsewa, sai ga Gwaggo ta dawo riƙe da hannun wata baiwar Allah daga tsallaken iyaka, wadda mijinta ya yi wata biyar yana rama, cikinsa ya taso ta hagu. Na gaya mata ni ba likita ba ne, awon jini ne kaɗai zai bambance. Ranar Talata za mu shiga motar farko ta Sakkwato tare da shi, ta Gwadabawa.